Shekarar da Na Ba Kifi Kanwa

Ran da aka kawo ku daga makaranta, na ji ɗayanku yana ce wa ɗan'uwansa a bakin ƙofa wai aikin ɗakin nan bai wuce ɗiga ruwa a kwalba ana kallon launi ba. Ban tanka masa ba, don ni ma abin da na faɗa ke nan a makona na farko. Amma tunda wata uku za ku yi tare da mu, gara in rubuta muku wannan ku karanta a tsanake. Bakina ba ya iya doguwar magana.

Wanke kwalba shi ne aikin farko da aka ba ni a gidan ƙyanƙyasar kifin nan na Gashuwa. Daga Nguru na zo, ban daɗe da gama sakandare ba, littafin waƙoƙina yana cikin jaka. Lokacin kwami huɗu ne kawai na siminti da ake kiwon kifin a ciki, sai wannan ɗakin mai rufin kwano. Shugabar ɗakin awo ita ce Madam Rifkatu, mutuniyar Filato, gajera, mai tabarau da igiya a wuya. Na wanke kwalaben tas na jera mata. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta wajen taga.

"Yagana, da me kika wanke wannan?"

"Da sabulu, Madam."

"To sabulu za mu auna ke nan, ba ruwa ba. Sake. Ruwan da za ki auna, da shi za ki ɗauraye, sau uku."

Wata guda na yi ina ɗauraya kafin ta bar ni in taɓa magani.

Awo biyu ake yi kowace safiya, kafin rana ta hau kan ruwa. Na farko awon alli ne, wanda littafinku ke kira kalsiyam. Za ku ɗebi ruwa daidai zanen kwalba, ku sa 'yar hoda a bakin cokali, ruwan ya yi ja kamar zoɓon da aka sirka. Sai ku riƙa ɗiga magani, ɗigo ɗaya, ku kaɗa, ɗigo ɗaya, ku kaɗa, kuna ƙirgawa, har jan ya juye shuɗi. Akwai wani ɗan lokaci tsakanin ja da shuɗin da ruwan ke yin kalar sama bayan magariba. A nan sabon hannu ke tsayawa, ya rubuta ƙarya. Na biyu awon makari ne, wato ƙarfin da ruwa ke da shi na kashe tsami. Shi kuma daga ruwan ɗorawa yake komawa ruwan goro. A kwamin da kifi ke lafiya, alli ɗigo takwas ne zuwa goma, makari goma zuwa sha biyu.

Alli shi ke ƙarfafa ƙashin kifi da ɓawon ƙwansa. Makari shi ke hana ruwa yin tsami da asuba bayan kifi sun kwana suna numfashi da kashi a ciki. Madam kan ce su biyun kamar kaya ne a bayan jaki: in kika ɗora wa gefe ɗaya nauyi fiye da kima, ɗayan ma ba zai zauna ba, duka za su zube. Abin da muke zubawa shi ne garin farar ƙasa, wanda ake aiko mana buhu-buhu ta jirgin ƙasa zuwa Nguru, a ɗauko a akori-kura. Farar ƙasa tana ɗauke da duka biyun, kuma a hankali take narkewa, ruwa ya ɗebi iya abin da yake so ya bar saura.

Goge akwatin gilashin can na kan tebur shi ma aikina ne. Kun ga farin dutsen da ke cikinsa mai rassa kamar ƙahon barewa? Murjani ne. Madam ta taɓa yin kwas a wani gari na bakin teku, inda aka ba ta kula da wani akwati na ruwan gishiri mai murjani rayayye a ciki. Ta ce ba dutse ba ne, dabba ce ƙanana-ƙanana da ke tsotsar alli da makari daga ruwa suna gina gidansu da su. Sau biyu a rana take auna musu ruwa. In ɗaya ya sauka ya bar ɗaya, sai su daina gini, launinsu ya gudu, su bar farin gida ba kowa. Wannan guntun nasu ne da ya mutu a hannunta, ta taho da shi don kada ta manta. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi fadamar Nguru faɗi ba, nakan tsaya da tsumma a hannu ina kallon 'yan tarwaɗa uku suna shige da fice tsakanin rassansa, har sai ta buga tebur.

"Tekun ya isa haka. Kwami na uku na jiranki."

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai ma'aikatan gwamnati da suka haƙa rami a bayan gida, su zo da ruwa a kwalbar man gashi suna so a faɗa musu abin da ya kashe kifinsu. Akwai wani mutumin Jakusko da ya kawo ruwan rijiyarsa, da na ce masa alli ya yi yawa sai ya tambaya ko shi ya sa matarsa ke faɗa. Masunta kuwa ba su cika zuwa ba. In sun zo ma dariya suke mana, mutanen da ke kiwon kifi a akwati kamar kaji.

Sai shekarar da kogi bai zo ba. Kun girma kun san ta, shekarar da soja suka karɓi mulki, ana bin layin sabulu da madara. Damina ta yi 'yan yayyafi ta ɗauke. Ruwan da kan gangaro daga yamma ya cika fadamu, a shekarar tsayawa ya yi a hanya. Daga kan gada in ka leƙa, yashi ne da sawun shanu.

A ƙarshen sanyin shekarar Baba Gambo ya zo da duro biyar a bayan akori-kura. Dattijo ne Babade, sarkin ruwan wani ƙauye gabas da nan. Ƙauyen na da tafki mai zurfi wanda ba a sa masa koma sai rana ɗaya a shekara, ranar da sarkin ruwa ya ba da izini. Daga wannan tafki kifi ke bazuwa cikin fadamarsu in ruwa ya zo. Tafkin ya ƙafe har ya koma kamar faifai. Baba Gambo ya shiga da kansa ya kwashe manyan tarwaɗan kafin ranar izini, abin da ba a taɓa yi ba tun kakanninsa. Dattawan garin sun hana, suka ce ko dai a bar wa Allah, ko a raba wa gidaje a ci. Ya ce su ba shi damina ɗaya, zai dawo musu da uwayen da 'ya'yansu.

Arba'in ne, talatin mata, wasu sun kai tsawon hannuna. Baƙaƙe ne sul, bayansu na sheƙi kamar tulun da aka shafa wa mai.

"Madam, ga amanar gari," in ji shi. "Na ce musu ku kun san ruwa da takarda. Kada ku sa in zama maƙaryaci da furfurata."

Ya rataye gorarsa ta su a ƙusar bayan ƙofa, ya shimfiɗa tabarma a inuwar kwami na ɗaya, ya ce ba inda za shi. Shi ya ɗauki kankare gansakuka daga jikin siminti, da ɓawon makankari irin wanda mata ke kankare tukunya da shi. Ni kuwa ya sa mini suna Malamar Kwalba.

Ba a yi wata biyu ba aka rage ma'aikata, sunan Madam na ciki. Ran da za ta tafi ta buɗe kabad ta nuna mini abin da ya rage. Maganin makari kwalba biyu. Hodar alli ba ta fi ta kwana goma ba. Takardar gwada kaifin ruwa ta ƙare tuni. Farar ƙasa rabin buhu. Ta ce ta rubuta a aiko, in yi ta bibiya. Ta ɗauki jakarta, ta dubi akwatin gilashin, ta ce ba zai kai Filato a mota ba, in riƙe.

Ba a aiko ba. Na rubuta sau uku.

Tunda kogi babu, ruwan rijiyar burtsatse muka koma ja, shi ma awa ɗaya a rana saboda man inji. Ruwa ne mai daɗin sha, garai-garai, amma fanko ne: alli ɗigo uku, makari huɗu. Farar ƙasa ta ƙare. Hodar alli ta ƙare. Na koma awo ɗaya, ina kallon makari na sauka kullum, bakwai, shida, biyar. Da asuba kifin kan taru a kusurwa, ba sa karɓar abinci.

Wata Juma'a na je gida Nguru. Gidanmu na bayan rumfunan 'yan kanwa, tun ina yarinya da ƙurar kanwa a gashina na tashi. Na tarar da mahaifiyata, Ya Falmata, tana dama wa matar yayana kunun kanwa, don kwananta tara da haihuwa. Na zauna ina ba ta labarin ruwan da ke tsami da uwayen kifin da suka ƙi ci.

"Tsami?" Ta ajiye ludayi. "Duk karatun nan naki, tsami ne ya gagare ki? Miyar yakuwa in ta yi tsami me ake sa mata?"

"Ya, kifi ne fa, ba miya ba."

"Ke kika ce uwaye ne masu ciki. Wace uwa ce a ƙasar nan ba ta sha kanwa ba? Saniya ta sha, raƙumi ya sha, ke ma ta nonona kika sha. Kifin naki 'ya'yan Turawa ne?"

Matar yayana ta yi dariya har jaririn ya farka. Ni ban yi ba, lissafi nake. Na san daga littafi kanwa na ɗaga makari. Na san abin da Madam ta faɗa a kan kayan jaki. Amma gefe ɗaya kawai nake iya gani, kuma shi ke faɗuwa a gabana. Da zan dawo, kawuna ya zaɓo mini kanwa ungurnu mai kyau, dunƙule uku, ya ce irin wadda ake kai wa dawakin manya ce.

Jiƙa kanwa a bokiti ya zama aikina na safe. In dake ta, in jiƙa, in tace da ƙyalle, in zaga kwami ina zubawa kaɗan-kaɗan. Rana ta uku ruwan ɗorawa bai juye ba sai a ɗigo na sha ɗaya. Na rubuta sha ɗaya na ja layi a ƙarƙashi. Kifin ma sun ɗan motsa a makon farko, suka ci. Duk ran da aka ƙara ruwan burtsatse makari ya sauka, sai in ƙara kanwa in mayar da shi. Akwatin gilashi kaɗai ban sa wa ba, don a ganina ado ne.

Duk lokacin da na zuba, wani farin hayaƙi kan tashi a cikin ruwan, ya yi ta yawo kamar nono a shayi, sannan ya kwanta. Nakan tsaya in kalle shi don yana da kyau. Allin ruwan ne kanwa ke kamawa tana kayar da shi ƙasa, ɗan abin da ya rage. Da ina da hodar alli ko a bakin cokali ne, da na gani.

A mako na uku Baba Gambo ya kira ni bakin kwami na ɗaya. Ya tsoma hannu ya murza yatsunsa.

"Malamar Kwalba, taɓa nan."

Na taɓa. Santsi ne da shi kamar ruwan da aka yi wanki.

"Wannan ruwan wanki ne, jikata, ba na kifi ba. Ga wani farin gari a ƙasa, kullum sai na kankare. Kuma dubi bayansu, majina suke yi."

"Baba, na auna da safe. Sha ɗaya ne, daidai yadda Madam ke so."

"Kwalbar ta taɓa kwana a ruwa?"

"Ba ta ƙarya dai."

Ya share hannunsa a riga. Ya ce, "To, ku ne masu takarda." Ya koma kankararsa.

Matse ƙwai muka yi a makon da ya biyo, don in sami 'ya'yan da za su yi ƙwari kafin damina. Uwa biyu muka yi wa allura, muka matse su a kwano, muka baza ƙwan a kan raga cikin ruwan kwami. Ƙwan tarwaɗa kwana ɗaya yake ya fashe da ɗa. Waɗannan kafin la'asar sun kumbura sun yi fari, suna fashewa da kansu ba komai a ciki. Ragar ta koma kamar an zuba mata koko. Na ce zafi ne. Na sake auna makari, sha ɗaya.

Ranar da abin ya faru injin ya ƙi tashi, kwana na biyu ke nan ba sabon ruwa. Tsakiyar bazara ce, kwanon ɗakin nan har ƙara yake don zafi. Ruwan kwami ya ragu ya yi kore. Kanwa a ruwa mai zafi, ga kashin kifi na kwana biyu, guba suke haɗawa. Yanzu kuna da sunanta a littafi. Bayan azahar na ji Baba yana salati. Tarwaɗa kifi ne mai taurin rai, yakan yi tafiya a kan ciyawa daga kududdufi zuwa kududdufi. Na fito na same su suna tsalle suna bugun siminti, suna neman fita daga ruwan. Fatarsu na saɓulewa fari-fari. Jan naman da suke numfashi da shi ya koma kalar toka.

Muka shiga da kayanmu. Ruwan da ke gidan mai kyau bai wuce randar sha da duro ɗaya ba. Muna kamawa suna zillewa saboda santsi. Wanda muka jefa a duro, wani ya mimmiƙe, wani ya juya ciki sama. Kafin la'asar sakaliya an gama. Shida suka rayu, huɗu mata.

Baba ya jera sauran a kan tabarmarsa, talatin da huɗu, manya a gaba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in kawo wuƙa, shekarar yunwa ce, ba a zubar da nama. Muka yi ta fiɗa har rana ta yi ja. Kowace uwa ya buɗe, ƙwai ne cunkus a ciki, kore-kore, ya sa hannu ya kwashe a ƙwarya. Ya haɗa wutar banda a bayan kwami na huɗu.

Washegari na shigo ɗakin nan don ɗaukar bokiti, sai na ga 'yan tarwaɗa ukun nan na gilashi suna iyo lafiya lau. Ruwan burtsatse ɗaya, zafi ɗaya. Na ɗebi ruwansu na auna, makari tara, ba wanda ya sa masa komai. Na ciro murjanin. Rassansa sun sirance, jikinsa ya yi ƙananan ramuka. Duk watannin nan yana narkewa a hankali yana ba ruwan abin da ya rasa, gefe biyun tare. Na ɗiga masa maganin makari, wanda ruwan tsami ne, ya yi kumfa yana 'yar ƙara. A bakin taga ga makankarin Baba da ya ajiye. Na ɗiga masa. Kumfa iri ɗaya, ƙara iri ɗaya.

Na fita da shi a hannu na nuna wa Baba, na gaya masa abin da ke nan. Yana juya kifi a kan waya. Ya karɓa ya duba gaba da baya.

"Wannan? Wannan ne farar ƙasar da kike ta rubuta wa takarda?"

"Shi ne, Baba."

"Taso."

Ya kai ni ƙarƙashin gada. Tsakiyar kogin, inda ruwa ya yi zamansa na ƙarshe, fari ne fat da ɓawon makankari da katantanwa, sun mutu sun buɗe baki, iyakar ganin ido. Muna takawa suna ƙaras-ƙaras. Tafiyar minti goma ce daga kwami na ɗaya.

"Da kin tambaye ni," in ji shi. Sannan ya ce, "Ni ma da na san shi kike nema."

Kwana uku bayan haka ya ɗaure bandar a kwali biyu ya hau mota zuwa ƙauyensu. Na ce zan bi shi in yi wa dattawan bayani da bakina. Ya ce ba ni na yi musu alkawari ba. Direban motar ne ya ba ni labari daga baya: a gaban masallaci ya sauke kwalayen, ya ce ga uwayen tafki ya dawo da su, a raba wa gidaje. Ya ajiye sarautar ruwa a wurin. Bai ƙara mako a garin ba ya bi masu tafiya Baga neman su a tafkin Chadi.

Shidan nan na riƙe su da dakakken makankari, a buhun algarara na rataya a kusurwar kwami, ruwa na ɗiban abin da yake so. Da ruwa ya dawo a shekara ta gaba, uwa biyu suka ba ni 'ya'ya. Bokiti ɗaya na kai ƙauyen. Sabon sarkin ruwan ya karɓa, ya juye a tafki, bai tambayi sunana ba. Na tambayi Baba Gambo, aka ce ba a ji ɗuriyarsa ba tun tafiyarsa. Har yau duk direban Baga da na gani sai na tambaya.

Yanzu kabad cike yake, kuna da hoda da takarda da magani kala-kala. Ga yadda za mu yi. Ba a rubuta makari a ɗakin nan sai da alli a gefensa. In ɗaya ya ƙare, a bar layin fanko, a zo a faɗa mini. Turmin da ke bayan ɗaki na dakan makankari ne, kowa zai yi mako a kansa, har mai maganar ɗiga ruwa a kwalba. Kafin ku buɗe kwalba, ku tsoma hannu a kwami ku murza yatsu. In masunci ya ce muku ruwa ya canza, ku ajiye biro ku bi shi.

Gorar da ke rataye bayan ƙofa kuma ba ta ofis ba ce. In kun zo shara ku goge mata ƙura, ku mayar da ita ƙusarta. Mai ita bai zo ya ɗauka ba tukuna.